SHARHI: Sirrin majinyaci a Yola da Jimeta, nauyin da aka bar wa harshen nas kaɗai

Tun ranar 20 ga Janairun 2025, da Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kusan duk muhawarar da ake yi a Abuja game da cutar ƙanjamau ta tsaya ne a kan kuɗi da magani. A watan Fabrairu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 domin sayen magunguna, aka kuma saka Dala miliyan 200 a kasafin shekarar domin cike giɓin da janyewar Amurka ta bari a fannin lafiya. A farkon watan Yuli hukumar USAID ta rufe baki ɗaya. Mafitar da jami'an lafiya ke ta nanatawa tun daga lokacin ita ce a daina ware masu ɗauke da cutar a sashe na daban, a shigar da kula da su cikin ayyukan asibiti na yau da kullum, a hannun ma'aikatan da gwamnati ke biya.

Shawara ce mai ma'ana, kuma da wuya a kauce mata. Sai dai akwai abin da lissafin biliyoyin bai taɓo ba, wato sirrin mara lafiya. Wa zai ga fayil ɗinsa a sabon tsarin? Hannu nawa zai bi kafin ya isa teburin likita? A Abuja ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar magana, domin gari ne na baƙi, mutum na iya shiga asibiti a Garki ko Gwarinpa ya fito babu wanda ya san sunan mahaifinsa. A Yola da Jimeta ba haka abin yake ba.

Babban birnin Adamawa tagwaye ne: tsohuwar Yola inda fadar Lamiɗo take, da Jimeta mai kasuwa da ofisoshi a bakin kogin Binuwai. Manyan asibitocin da jama'a suka dogara da su ba su da yawa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha a Jimeta, sai ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni da asibitoci masu zaman kansu. Yawancin nas-nas da ungozomomin da ke aiki a waɗannan wurare 'yan gida ne, da dama daga cikinsu a Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Yola suka yi karatu. Saboda haka matar da ta fito daga Jambutu ko Doubeli ko Wuro Hausa da ciwon da ba ta son a ji, akwai yiwuwar wadda za ta ɗebi jininta maƙwabciya ce, ko ƙawar ƙanwarta, ko wadda suke haɗuwa a Islamiyya ko zumuntar mata ta coci. Gari ne kuma na harsuna da yawa. Tsohuwar da ba ta jin komai sai Fulatanci, ko wadda aka kawo daga ƙauye ba ta jin Hausa sosai, tilas a nema mata tafinta, kuma sau da yawa tafintan nan ɗanta ne ko ƙanin mijinta. Kafin nas ta ce uffan, sirrin ya riga ya zama na mutum uku.

Doka ba ta yi shiru ba

Babu mai cewa Najeriya ba ta da doka a kan wannan. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk wani bayani game da mara lafiya sirri ne, har da labarin cewa ya kwanta a asibiti. Ta ware 'yan wuraren da za a iya bayyanawa: idan shi da kansa ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ko iyaye suka nema game da yaro ƙarami, ko mai kula da wanda ba ya cikin hayyacinsa ya nema, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babban haɗari ga lafiyar al'umma. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau, ita ma ta 2014, ta haramta bayyana matsayin mutum ba da amincewarsa a rubuce ba, ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira 500,000 ba ga mutum ɗaya ko ɗauri, ta kuma hana a mai da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin wannan shekarar, ta saka bayanan lafiya cikin jerin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman.

Bayan kotu akwai Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979. Ita ke ba da lasisi, tana kuma da kotun ladabtarwa da za ta iya soke sunan ma'aikaci daga rajista. Ikonta bai bambanta asibitin tarayya da na jiha da na kuɗi ba. Ƙa'idojin aikin jinya na duniya, waɗanda aka fara rubutawa a 1953 aka sabunta a 2021, sun ƙara da maganar kafafen sada zumunta, domin a yau ba sai nas ta je gidan biki ta yi gulma ba. Hoton takardar gwaji guda ɗaya a zauren WhatsApp na abokan aiki ya isa.

To, amma doka a takarda daban, hukunci daban. Shari'ar da aka fi ambata a wannan fage ta wata ma'aikaciyar jinya ce da kanta, Georgina Ahamefule. A 1995 asibitin da take yi wa aiki a Legas ya gwada jininta ba da saninta ba, ya kuma sallame ta bayan an ga tana ɗauke da cutar. Da ta kai ƙara, a 2001 aka hana ta shiga kotu don gudun kada ta shafa wa mutane. Sai a 2012 Babbar Kotun Legas ta yanke hukuncin a biya ta diyyar Naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan tsakanin zalunci da hukunci, ga mace mai lauyoyin kare haƙƙin ɗan'adam a bayanta. Matar aure a Luggere da aka tona wa asiri ba za ta bi wannan hanyar ba. Kai ƙara na nufin ta tsaya a gaban alƙali da magatakarda da 'yan kallo ta maimaita da bakinta abin da take kukan an faɗa. Shi ya sa rashin ƙararraki a kotu ba shaida ba ne cewa ba a yin laifin.

Inda asiri ke yoyo

Idan aka yi maganar tonon asiri, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na nas mai sakin baki. Akwai irinta, kuma babu uzurin da za a yi mata. Amma duk wanda ya taɓa yin jinya a asibitin gwamnati a Arewa ya san cewa yawancin asirai ba ta nan suke fita ba. Suna fita ne ta ɗakin da likita biyu ke ganin marasa lafiya biyu a lokaci ɗaya. Suna fita ta gadajen da labule kaɗai ya raba su, ko babu labulen ma. Suna fita ta ɗan'uwan da aka miƙa wa takarda ya kai ɗakin gwaji ya karɓo sakamako, ya karanta a hanya, abin da bai gane ba ya tambayi mai kemis na bakin ƙofa. Suna fita ta ranar da aka ware wa masu cuta guda, ta yadda ganin mutum a kan wancan benci a wannan rana ya wadatar, ba sai an buɗe fayil ba.

A nan ne sabon tsarin haɗe ayyuka yake da alheri na gaske. Idan mai ɗauke da ƙanjamau zai bi layi ɗaya da mai hawan jini da mai ciwon suga, ya karɓi magani ta taga ɗaya, to bencin da ke tona asiri ya kau. Amma tsohon tsarin, duk da aibinsa, yana da wani abu da kuɗin ƙetare ya saya: ma'aikata kaɗan da aka horar musamman a kan nasiha da riƙe sirri, da masu shigar da bayanai na daban, da masu bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani, waɗanda da yawansu su ma masu ɗauke da cutar ne, sun san zafin abin. Idan fayil ya koma babban ɗakin ajiyar kati, idanun da za su gan shi sun ƙaru: mai ba da kati, masinja, ɗalibin da ya zo koyon aiki, mai harhaɗa magani. Wasu daga cikin waɗannan ba su da lasisin da za a soke. Nas ce fuskar da mara lafiya ya fi tunawa, don haka ita za a zarga ko da ta wani wuri maganar ta fita.

Ita kuma nas ɗin ana ƙara mata kaya ne a lokacin da abokan aikinta ke raguwa. A watan Fabrairun 2024 magatakardan majalisar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A ƙarshen Yulin 2025 nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, kuma ɗaukar ƙarin ma'aikata na cikin buƙatunsu. Riƙe sirri yana cin lokaci. Sai an jawo mutum gefe, an rufe ƙofa, an sassauta murya, an jira ya gama kuka. Wadda ke kula da ɗaki cike da gadaje ita kaɗai cikin dare ba ta da wannan sukunin, sai ta ɗaga murya daga inda take tsaye ta tambayi mara lafiya ko ya sha maganinsa, ta kuma kira sunan maganin.

Farashin wannan sakaci ba kunya ce kaɗai ba. Fulani na kiran kunya semteende, kuma a Yola ba ƙaramin abu ba ne a ce mutum ya rasa ta a idon jama'a. Wanda ke tsoron a gan shi yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai ya ɗauki katinsa ya kai wani gari, Numan ko Gombe ko Jalingo, ya riƙa biyan kuɗin mota don karɓar maganin da ake bayarwa kusa da gidansa, har ranar da kuɗin motar ya gagara ya tsallake wata guda. Ko kuma ya ƙaurace wa asibiti ya koma wurin mai kemis da masu tallar maganin sanyi da lasifika a bakin kasuwa. A can ne ake shan rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta, alamu su lafa, cutar ta zauna. Ciwon sanyin da ba a magance shi da kyau ba yana iya toshe wa mace hanyar haihuwa, ga shi kuma ƙwayar cutar tana ƙara bijire wa magunguna a duniya. Tunjere a jikin mai ciki yana jawo ɓari ko haihuwar jariri babu rai, alhali allurar fenisilin na maganinsa idan an gano da wuri. Shi kuwa mai ƙanjamau da ke shan magani a kai a kai har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji, ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Kowane mutum ɗaya da tsoron tonon silili ya kora daga asibiti, ba shi kaɗai aka rasa ba.

Haƙƙin miji, haƙƙin kishiya

Wuri mafi wuya a aikin nas shi ne inda amana biyu suka yi karo. Binciken ƙasa na 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙanjamau, shiyyar Arewa maso Gabas kuma kashi 1.1. Ya kuma nuna mata sun ninka maza: kashi 1.9 a kan 0.9. Bayan wannan, mace ce ke zuwa awon ciki, ita ake gwadawa, don haka a gidaje da yawa ita ake fara ganowa. Wanda aka fara ganowa kuwa shi jama'a ke ɗauka ya kawo, ko da gaskiyar akasin haka ce.

A ɗauka ungozoma ta samu sakamakon wata mai ciki, matar kuma ta roƙe ta da girman Allah kada mijinta ya ji, domin ta san saki ne zai biyo baya. Mijin na da wasu mata biyu. Ɗaya daga cikinsu ma wataƙila ungozomar ta san ta. Gaba kura, baya sayaki. Idan ta yi shiru, akwai rayuka uku ko fiye da ba su san halin da suke ciki ba. Idan ta faɗa, ta karya doka, ta kuma koya wa duk matan unguwar cewa awo tarko ne.

Dokar 2014 ba ta rufe ido ga wannan ba, domin ta amince cewa abokin zaman aure na da haƙƙin sanin matsayin abokin zamansa idan yana ganin yana cikin haɗari. Malaman Musulunci ma sun tattauna batun. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa asali riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne, sai dai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, kuma ko a nan sai a kai maganar ga wanda ya dace kawai, gwargwadon buƙata. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya bai wa ma'aikaciyar jinya izinin tare uwar miji a gidan suna ta raɗa mata. Haƙƙin miji ne ko mata, ba na dangi ba, kuma yana da hanya. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai tun 2016 shi ne na sanar da abokin zama da taimakon ma'aikacin lafiya, bisa yardar mai cutar: a ba ta lokaci ta faɗa da kanta, ko a zauna da su biyun a ɗaki ɗaya, ko a gayyaci mijin gwaji ba tare da an ambaci sunanta ba, bayan an auna ko faɗar za ta jawo mata duka ko kora. A ganina gayyatar ma'aurata a gwada su tare tun farkon awo ita ce ta fi dacewa da gidajenmu, domin tana kashe tambayar wa ya fara. A gidan mata da yawa kuwa, ko ciwon sanyi ne ba ya warkewa sai an yi wa kowa magani a lokaci guda, in ba haka ba yana ta zagaye tare da kwana.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ya kamata harshe ya yi nauyi: sakamakon gwaji ba shaidar zina ba ne. Kalmar sanyi a bakin mata ta haɗa cututtuka da dama, wasunsu ba su da alaƙa da saduwa ko kaɗan. Ciwon hanta nau'in B, a ƙasashe irin namu, galibi a wurin haihuwa ko a ƙuruciya ake ɗaukarsa. Ƙanjamau na iya zuwa daga uwa, ko daga ƙarin jini, ko daga auren baya. Wadda ta fitar da sakamako ba cuta kaɗai ta bayyana ba, ta bar jama'a su yanke wa mutum hukuncin da ita kanta ba ta da hujjarsa. Magana kuwa zarar bunu ce.

Gwajin kafin aure ya ƙara faɗaɗa da'irar. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da nau'in jini kafin ɗaura aure a Kano, kuma a garuruwa da yawa limamai da fastoci sun daɗe suna neman takardar ko babu doka. Manufar mai kyau ce. Amma takardar da ta bi ta hannun waliyyi da wakili da limami ta daina zama sirri, kuma fasa aure bayan gwaji shi kansa sanarwa ce. Abin da shugaban addini ke buƙatar sani shi ne an yi gwajin, kuma kowane ɗaya daga cikin masu auren ya ji sakamakon ɗan'uwansa a gaban ma'aikacin lafiya. Sauran bayanin ba nasa ba ne.

Teburin ma'aikacin gwamnati

Mai karatu da ke aiki a ma'aikata ko hukumar tarayya na iya ganin wannan matsalar asibiti ce. Ya duba teburinsa. Takardar hutun rashin lafiya da ta fito daga Sakatariyar Tarayya ta Yola tana bi ta rajista, ta hannun akawu da masinja, kafin ta shiga fayil ɗin da kowa a sashen mulki zai iya buɗewa. Neman izinin magani a ƙarƙashin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, yana tafiya ne da sunan cuta zuwa kamfanin da ke biyan kuɗi. Hadimin da maigidansa ya aika karɓo magani, ko wanda aka miƙa wa takardun asibitin wani talaka mai neman taimakon ɗan majalisa, shi ma ya riƙe amanar da ba a horar da shi a kanta ba. Sau nawa ake tura hoton irin waɗannan takardu a zauren 'yan mazaɓa domin a nuna an taimaka? Ofis na buƙatar sanin ko ma'aikaci zai iya aiki da kuma kwana nawa zai huta. Ba ya buƙatar sunan ciwon.

Waɗanda ke rubuta takardun tsarin haɗe ayyukan a Ma'aikatar Lafiya da hukumar NACA, da takwararta ta jihar Adamawa, su ne ke da damar saka wannan a kasafi tun yanzu. Abubuwan ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da biliyoyin magani: ɗaki mai ƙofa a kowane sashen awo, kati iri ɗaya ga kowa ba tare da wata alama ba, kwamfutar da ke rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil, alkawarin riƙe sirri a rubuce daga mai ba da kati har mai shara, tafinta daga cikin ma'aikata maimakon dangi, da hanyar kai ƙorafi da ba ta buƙatar mara lafiya ya tsaya a bainar jama'a. Ma'aikatan da suka shafe shekaru suna wannan aiki da kuɗin Amurka suna nan a Yola da Jimeta, sun san marasa lafiyarsu da suna, marasa lafiyar kuma sun yarda da su. Ɗaukar wasu daga cikinsu aikin dindindin shawara ce da Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri da hukumar asibitin koyarwa za su iya yankewa ba tare da jiran kowa daga ƙetare ba.